Ƙofar Gawa a Ɗakin Baba

Laraba, da hantsi

Mijina Laust ya cire bulo ɗaya daga ƙofar gawa.

Na rubuta na zauna ina kallon rubutun kamar wata ce ta yi shi. Ƙofar tana bangon yamma na ɗakin Baba, daf da ƙasa. Ta nan duk wanda ya mutu a gidan nan yake fita cikin akwatinsa, ƙafa a gaba, a kuma toshe ta kafin masu jana'iza su dawo daga coci, don kada mamaci ya gane hanyar komowa. Rabon da a buɗe ta tun fitar Inna. Da yumɓu ake ɗaura bulonta maimakon farar ƙasa, saboda ya yi sauƙin cirewa, kuma mijina ya san da haka.

Ya shigo da dagi, ko kallon gadon bai yi ba. Ya durƙusa ya kankare yumɓun, ya tura bulon waje da dunduniyar takalminsa na katako. Iskar teku ta shigo da ƙarfi har kyandir ya mutu. Baba yana kwance kamar yadda yake tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannunsa mai rai a kan kwagirinsa.

"Na ji kana cewa ɗakin nan ya yi maka ƙunci, tsoho," in ji Laust. "To ga iska."

Baba ya ce, "Mijin Sidsel, ka ja mini ƙofa in za ka fita."

Tunda muka yi aure Baba bai taɓa kiran sunansa ba. Wani lokaci ji nake kamar in haɗa kawunansu in gwara.

Laraba, da la'asar

Na cusa gansakuka da tsumma a wurin. Kafa ce dai, hannuna da ƙyar yake shiga.

Kowace kaka Inna takan zagaya gidan nan da kwaryar yumɓu tana liƙe duk inda iska za ta samu hanya, tana kiran sunayensu kamar 'ya'yan da suka ɓata mata rai. Kafar ɓera a gindin rumbu, tsagar da ke gefen taga, hudar kulli a jikin katakon ƙofa. Biyu kawai take bari, ɓular hayaƙi a jinka da ramin da kyanwa ke wucewa. Ƙofar gawa kuwa shafa ta kawai take yi da tafin hannu ta wuce, ba ta cewa komai.

Duk wannan daga liyafar gasasshiyar agwagwar dinya ta ranar Lahadi ya taso. Maƙwabta sun cika falo, an ɗauko Baba an jingina shi a kujerarsa, sai wani ya ɗaga kofi ya ce Allah ya raya gidan Terkel. Gidan Terkel, sunan Baba, alhali Laust ne ke noman gonar tun aurenmu. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Da Baba ya yi shiru da shi ke nan. Sai ya ce mijin Sidsel bai shigo gidan nan da komai ba sai cokalinsa. Aka yi dariya. Daga nan ya ƙara wata magana, a kan abin da ya faru da bazara a matakalar rumbu, ba wanda ya yi dariya kuma.

Wannan ba zan rubuta ta ba.

Juma'a, da rana tsaka

Na je wurin Iver magini. Na tarar da shi yana wasa wuƙa, gobe zai yanka aladensa.

"Yaya girmanta?" ya tambaye ni. Na nuna masa da hannu.

"Ai wannan kafa ce, 'yar nan. Kafa ba ta da wata doka, ko ɓera yana yin ta. Ran Litinin zan zo in mayar da bulon, kafin ki dafa mini kofi na gama."

Na ce ya zo yau. Ya ce alade ba ya jira. Na ce Baba ma ba ya jira. Ya yi dariya ya ce Terkel ai ƙarfe ne, shi zai binne mu duka.

A hanyar dawowa na haɗu da Abelone maƙwabciyarmu, ƙawar Inna, tana jan tunkiya. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske.

"Wannan fa?"

"Ƙofar garke ce ta buge ni."

"Wancan watan ƙofar kabad ce. Kai, ƙofofin gidanku sun cika faɗa, Sidsel. Nawa shekara da shekaru ina tare da su ko tsawa ba su taɓa yi mini ba."

Na ja mayafina na wuce. Na tsani yadda take gani, na kuma tsani yadda ba ta yin komai da abin da ta gani.

Asabar, da safe

Laust ya cire wasu bulon. Tsumman da na cusa yana cikin kwatami.

Lahadi, bayan coci

A coci ya zauna kusa da ni da wankakkiyar riga, yana waƙa da ƙarfi fiye da kowa. Muryarsa tana da daɗi, wannan gaskiya ne, da ita ya same ni tun farko.

A gida na zuba miyar kabeji, na ɗebi ta Baba zan kai masa. Laust ya ce in ajiye. Na ce za ta huce. Ya ɗauki cokalinsa, wannan na ƙaho da ya zo da shi daga gidansu, ya juya shi a hannu yana kallo, ya ce, "Kin yi dariya ranar nan."

Na ce ban yi ba.

"Na gan ki. Kin rufe baki da hannu."

Kwanon ya fashe a bango, miyar ta gangaro har ƙasa. Sauran ba sai na faɗa ba. Abin da na riƙe shi ne ina kwance a daɓe ina kallon ramin kyanwa a gindin ƙofa, haske yana shigowa ta ciki, ina ta tunanin da ni kyanwa ce. Daga ɗaki Baba yana buga kwagiri a jikin gado yana ihu, "Zo nan, ragon banza! Zo ka daki namiji!"

Ya je kuwa. Bai taɓa Baba ba. Dagi ya ɗauka.

Litinin, da hantsi

Iver ya zo da kwaryar yumɓunsa da guntun naman alade a ƙunshe, tsaraba wai. Ya zagaya bayan gida, ya tsaya, na ga fuskarsa ta canza. Ya tuɓe hularsa ya durƙusa ya tura kansa ta wurin, kafaɗunsa ma suka bi. Daga ciki na ji Baba yana cewa, "Sannu da zuwa, Iver. Ka yi sammako, ban mutu ba tukuna."

Ya janye kansa ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Ba zan iya ba, Sidsel."

Na ce ran Juma'a da bakinsa ya ce kafa ce.

"Ran Juma'a kafa ce. Da taga ce ma, wadda kai kaɗai ke shiga, da na rufe ido na toshe. Amma kafaɗa ta wuce. Inda kafaɗa ta wuce mutum ya wuce, ƙofa ta buɗu ke nan."

Na ce to ya kira ta gibi, ya ce bango ne ya zube, wa zai sani?

"Ita za ta sani. Kin san ba a mayar da ita ba ta ci ba. Wanda ya toshe ta babu gawar da ta fita, a gidansa za ta je ta ɗauka. 'Yata tana da tsohon ciki, ke ma kin sani."

Na zage shi. Na ce masa aladensa ya fi shi zuciya, da ya zo ran Juma'a da duk wannan bai faru ba. Ya tsaya ya shanye, don ya san gaskiya na faɗa. Ya ajiye naman a kan dutsen rijiya ya tafi. Na jefa wa kare, daga baya na yi da-na-sani, don da Baba ya sha romonsa.

Talata, da yamma

Na roƙi Baba in mayar da shi kicin, kan bencin da ke jikin murhu.

"A ɗakin nan aka haife ni," ya ce. "Ranar da na kwanta a bencin kicin kamar bara, ranar gidan ya zama nasa."

Na ce gidan ai nasa ne tuntuni, Baba ne da kansa ya miƙa masa.

"Gona na ba shi. Ɗakin nan ban ba shi ba, ke ma ban ba shi ke don ya..." Sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce in kawo masa lofensa.

Taurin kai ne zai kashe shi, ba sanyi ba. Na rataya tsohon bargon doki a wurin, na jingina damin ciyawa ta waje. Na ƙara busasshen curin ƙasar fadama, wanda muke hura wuta da shi, a murhunsa har na ji tsoron jinka, amma duk ɗumin ta ƙofar yake ficewa.

Laraba, da safe

Damin ciyawar yana gaban shanu. Bargon yana kan doki.

Juma'a, da azahar

Na je wurin mai unguwa. Ya ce bangon mutum bangonsa ne, in ya ga dama ya rushe shi duka. Ya tambaye ni ko Laust ya ɗaga wa tsohon hannu. Na ce a'a. Ya dubi leɓena, na ce ƙofar rumbu ce. Ya ce to in riƙa kula.

Daga nan na wuce gidan fasto. Ya ce wannan camfi ne na mutanen da, ƙofa ba ta cin kowa, bulo bulo ne, in samu magini ya toshe. Na ce magini ya ƙi. Na ce ko zai zo ya ɗora bulon farko da hannunsa, don mutane su gani su saki jiki. Ya gyara gilashinsa, ya ce shi ba magini ba ne, kuma matarsa ba ta jin daɗi kwanan nan. Ya yi mini addu'a a bakin ƙofa.

Har da shi ke nan.

Asabar, da hantsi

Laust ya tafi kasuwa da keken doki. Na kwaɓa yumɓu da ruwan zafi, na kwaso bulon daga inda ya watsar da su. Na fara jerawa ta ciki, ina durƙushe a gindin gadon Baba, sai na ji ƙugiyar kwagiri ta kama ni a gwiwar hannu.

"Ajiye."

Na ce fasto ya ce camfi ne.

"Shi ya sa ya zo ya taya ki? Ajiye, na ce. In ta tashi ɗauka a gidan wanda ya toshe, wa ya rage a gidan nan banda ke? Na riga na yi asarar jika a wannan shekarar."

Ya faɗi abin matakalar rumbu a fili. Na ci gaba da jerawa, hawaye yana ɗiga a yumɓun. Shi yana ja da kwagiri, ni ina fizgewa, kamar yara biyu a kan igiya. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a hannunsa na dama ba. Na kai layi na uku ke nan haske ya dushe a wurin. Na ɗaga kai na ga takalman katako a tsaye a waje. Ashe ƙafar keken ce ta karye a hanya ya juyo.

Hannuna yana kan bulon sama lokacin da ya sauke ƙafarsa.

Lahadi, da yamma

Da hagu nake rubutu, shi ya sa ya karkace. Abelone ta ɗaure mini yatsan da tsinken itace da zaren ulu. Ba ta tambaye ni wace ƙofa ba ce. Ta ce kawai, "Ki zo gidana ki kwana." Na ce Baba fa? Ta ja zaren da haƙori ta tsinke.

Talata, da safe

Dusar ƙanƙara ta sauka. Na tarar da ita a kan bargon Baba, daga gwiwa zuwa ƙafa, fara sol, ko narkewa ba ta yi ba. Ruwan kofinsa ya daskare. Ya ce mini ya yi barci mai daɗi. Ƙarya yake yi, gemunsa duk ƙanƙara.

Yatsun ƙafarsa ta hagu sun fara baƙi. Ba ya jin su, don haka bai sani ba. Na murza su da kitsen tunkiya na mayar da safa, ban gaya masa ba.

Na tsani Laust. Na rubuta, ga shi nan. Ban taɓa faɗa ba ko a zuci, ko da bazara. Yau na kalle shi yana yanka baƙin burodi a ƙirjinsa, wuƙar tana tahowa wajen wuyansa, na ji ina roƙon Allah ta zame. Ban nemi gafara ba kuma.

Laraba, da rana

Tari, tari, tari. Har garke nake jiyo shi.

Alhamis, da la'asar

Yanzu ba wanda ke bi ta bayan gidanmu. Masu zuwa fadama sun sake hanya, sai su zagaya ta gonar Abelone don kada su ga bakin nan a buɗe. Kaji kaɗai ke shiga, su hau gadon Baba, shi kuma yana hira da su. Ya raɗa wa wata jar kaza sunan matar fasto.

Na ɗauki katifata na kai ɗakinsa, na shimfiɗa a gicciye a bakin wurin, in tare iskar da bayana. Laust ya ga haka ya yi murmushi ya ce, "Ki kula, kada ta ɗauka ke ce."

Baba ya ce, "Ta san wanda ya buɗe ta."

Laust ya juya. Ya fita ya buga ƙofa, na ji yana dukan doki a garke har dokin ya yi kuka irin na mutum.

Asabar, da azahar

Ya kawo akwatin gawa.

A kan keke ya ɗauko shi daga gari, sabo, yana ƙamshin itace, ya bi ta tsakiyar ƙauye a hankali don kowa ya gani. Barasa na tashi daga jikinsa tun daga bakin shinge. Ya sauke shi a bayan gida ya leƙo ta wurin.

"Tsoho, ka ce cokali kawai na kawo gidan nan. To ga na biyu. Duba aiki, ko uban wa aka yi wa irinsa a ƙauyen nan?"

Baba ya ɗaga kai ya duba da kyau. "Ya yi faɗi," ya ce. "Ba zai wuce ba. Ko awo ba ka iya ba, mijin Sidsel."

Da gaske kuwa. Ya tura akwatin, gefensa ya ci a bango. Kakanninmu ƙananan mutane ne, daidai su aka yi ƙofar. Na ɗauka abin zai tsaya nan. Sai ya je ya ɗauko guduma.

Na kama hannunsa na ce ya bari, gungumen da ke gicciye a saman ƙofar a kan gefen nan yake zaune, duk nauyin bangon yamma yana kansa. Ya make ni da gwiwar hannu na faɗa kan akwatin. Ya yi ta dukan gefen dama, bulo yana tarwatsewa, ƙura ta cika ɗakin, Baba yana tari yana zaginsa har kakansa. Da gungumen ya yi ƙara ya sunkuyo, yumɓu ya fara zuba daga sama, sai ya tsorata. Ya ruga rumfar ciyawa ya ɗauko gwafa ya tokare shi ta ciki, kusa da gadon.

Yanzu ban san sunan da zan ba wurin ba. Ya wuce ƙofa. Ɓaraka ce, akwai tsaga daga kusurwarta har jinka, ina ganin sama ta ciki. Gida guda yana tsaye a kan sanda ɗaya.

Ya tsaya yana haki, ya ce, "Gobe bayan coci za mu gwada ko ya yi maka daidai."

Lahadi, da sassafe

Na ce wa Baba wasa yake yi, giya ce. Baba ya ce, "Kin taɓa ganin ya yi alkawarin mugunta bai cika ba?"

Na durƙusa na ce ya bari in goya shi zuwa gidan Abelone, yanzu, kafin a tashi daga coci. Na ce zan iya, ya rame, bai fi ɗan maraƙi ba. Ya shafa kaina da hannunsa mai rai, abin da bai yi ba tun ina ƙarama.

"Ni na ba shi ke," ya ce. "Na ji muryarsa a coci na ce wannan mutumin kirki ne. Ba inda zan je. Matso mini da gadon nan kusa da haske."

Na ja gadon. Ban tambaye shi me ya sa ba. Na ga dai inda yake kallo.

Ban je coci ba.

Lahadi, da la'asar

Bangon yamma ya faɗi.

Litinin, da hantsi

Ga abin da na gaya wa mai unguwa, shi na gaya wa fasto, shi zan rubuta.

Laust ya dawo daga coci ta gidan giya. Bai shigo ta ƙofar gaba ba. Ya buɗe murfin akwatin a waje, ya rarrafo ta wurin a kan gwiwoyinsa, ya kama Baba ta idon sawu ya fara ja. Safar ta zame a hannunsa, ya ga baƙaƙen yatsun, ya yi dariya ya ce ashe rabin aikin ya gama kansa. Na riƙe Baba ta hammata. Laust ya saki ƙafa ɗaya ya kai mini naushi a ciki, daidai wurin nan, ya koma ya ci gaba da ja. Kan Baba ya bugu da katakon gado. Ƙugunsa ya riga ya sauka ƙasa.

Sai gwafar ta goce.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Mai unguwa ya dubi Baba, tsoho mai hannu ɗaya da ko zama ba ya iya yi, ya dube ni da karyayyen yatsa, ya ce gwafa mai irin wannan nauyi a kanta tsakanina da shi babu wanda zai iya janye ta shi kaɗai. Na ce haka ne, shi kaɗai ba zai iya ba.

Ƙarar ba ta da yawa, wannan ya ba ni mamaki. Kamar an sauke buhunan hatsi daga keke. Da ƙura ta lafa, kansa da kafaɗunsa suna ciki a ƙarƙashin gungumen, ƙafafunsa suna waje. Takalminsa ɗaya ya yi ta bugun ƙasa, ya yi ta bugu, har ya daina. Hannunsa yana riƙe da safar Baba. Ban matsa ba. Muna nan a ƙasa ni da Baba, ina rungume da shi, har maƙwabta suka iso.

Kwagirin Baba ya tsage a wuya. Na sa shi a murhu, don itace ya yi mana ƙaranci.

Litinin, da yamma

Maza sun tsaya cirko-cirko suna gardamar yadda za a fitar da shi. Wani ya ce a janyo shi ciki, a wanke shi a falo kamar kowa. Iver ya ce kada wanda ya kuskura. "Ku duba yadda yake kwance. Ƙafa a waje, kai a ciki. Ai ya riga ya kama hanya, ku taimaka masa kawai." Suka ɗaga gungumen da sanduna, suka ja shi ta ƙafa, ya fita yadda ake fita. A rumfa aka wanke shi. Akwatin ya yi masa daidai, har da sauran wuri.

Fasto ya tsaya a kaina yana ta tambaya, yaya aka yi, ina nake tsaye, me na gani. Abelone tana wanke mini ƙura daga gashi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, ƙofa ce ta buge shi," ta ce. "Ƙofofin gidan nan sun daɗe suna faɗa. Duk ƙauyen nan an sani, har da kai."

Bai sake tambaya ba.

Laraba, da rana

An kai shi. Ban bi su ba, na ce jikina. Da gaske ne ma, tun ranar Lahadi ba na iya miƙewa sosai.

Ana fita da keken gawar, Iver ya fara aiki, shi da surukinsa, don su gama kafin a dawo daga coci. Ban taɓa ganin magini yana sauri haka ba. Baba yana kan bencin kicin a jikin murhu, ya yarda a ƙarshe, ya ce aro ne kawai har a gama bango. Likita ya ce yatsu biyu za su tafi, ƙafar za ta tsira. Tarin yana nan, amma ya ci fate ya nemi ƙari.

Ban yi kuka ba. Na wanke cokalin ƙahon na rasa inda zan ajiye shi, na tsaya da shi a hannu a tsakiyar kicin kamar wawuya. A ƙarshe na kai wa Iver na ce ya fitar da shi waje ta ƙofar gawa kafin ya ɗora bulon ƙarshe. Ya karɓa.

Da ya zo kan ƙofar ya tura surukinsa ya kwaɓa yumɓu. Baba ya jiyo daga kicin ya ɗaga murya, "Ka sa da ruwa-ruwa, Iver. Kada ka wahalar da kanka, ba da jimawa ba za ka dawo ka buɗe mini."

Na fita na kifar da kwaryar yumɓun da ƙafa. Na ce farar ƙasa zai sa, irin wadda ya sa a sauran bangon.

"Sidsel, ba a taɓa yi ba. In lokacin Terkel ya yi, sai da guduma fa."

Na ce to su zo da guduma. Su sha wuya.

Alhamis, da safe

Baba ya koma ɗakinsa. Na kunna kyandir na ajiye a gindin bangon, harshen wutar ya tsaya cak bai karkata ba.

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce, "Sunansa Laust, ko?"

Na ce e, Baba.

Ya ce, "Bar mini ƙofar a buɗe, ina so in riƙa jin motsinki."